Abin da kyamara ta gani a Selma, da abin da ya kuɓuce mata

Daren Lahadi 7 ga Maris, 1965, tashar talabijin ta ABC a Amurka tana cikin nuna wani fim kan shari'ar da aka yi wa alƙalan Nazi a Nuremberg, an kuma ƙiyasta mutum miliyan 48 ne suka zuba masa ido. Jim kaɗan bayan ƙarfe 9 agogon New York sai aka katse fim ɗin, aka sako hotunan da aka ɗauko da ranar nan a garin Selma na jihar Alabama. Kimanin minti 15 suka yi a kan allo.

Mutum kusan 600 ne, masu tattakin neman 'yancin zaɓe ga baƙaƙen fata, suka jero bibbiyu a gefen gadar Edmund Pettus, John Lewis da Hosea Williams a kan gaba. Lewis yana sanye da doguwar kwat, hannayensa a aljihu, ƙaramar jaka goye a bayansa. A gangaren gadar 'yan sandan jiha sun datse hanya. Kwamandansu, Manjo John Cloud, ya ɗaga lasifika ya ce ya ba su minti 2 su watse. Lokacin bai cika ba aka danno su da kulake, aka bi da barkonon tsohuwa, sannan mahaya dawakin Jim Clark, shugaban 'yan sandan gundumar, suka bi masu gudu da bulala. An fasa wa Lewis kai. An ga Amelia Boynton kwance a kan titi, a sume. Bayan kwana 8 Shugaba Lyndon Johnson ya tsaya gaban majalisa, a jawabin da aka nuna kai tsaye, ya nemi a yi dokar kare 'yancin zaɓe. Ranar 6 ga Agusta ya sa mata hannu.

Wannan dare shi ake yawan kafa hujja da shi a ce talabijin ne ya karya wariyar launin fata a Kudancin Amurka. Gani ya kori ji, babu musu. Sai dai kwana 17 kafin abin da ya faru a gadar, ranar 18 ga Fabrairu, 'yan sandan jihar sun far wa wasu masu zanga-zangar lumana a garin Marion da ke kusa. Da dare ne. Fitilun titi suka mutu, aka fesa wa kyamarori baƙin fenti, aka buga wa wakilin NBC Richard Valeriani ƙotar gatari a ka. Cikin duhun nan wani ɗan sanda ya harbi Jimmie Lee Jackson, ɗan shekara 26, a ciki, yana ƙoƙarin kare mahaifiyarsa. Ya rasu ranar 26 ga wata. Ta'asar Marion ta fi ta gadar muni, tun da an yi asarar rai, amma babu hoto ko ɗaya, ƙasar kuma ba ta girgiza ba.

Bambancin waɗannan dare biyu shi ne abin dubawa. Talabijin na wancan zamani irin zalunci guda kaɗai yake iya ɗauka, wanda aka yi da rana, a fili, mai yin sa kuma yana da fuska da kaki. Shugabannin gwagwarmayar sun gane haka, abokan hamayyarsu ma sun gane, kowa kuma ya tsara dabararsa a kai.

Yadda hoto ke isa falo

A 1950 gida 9 ne kawai cikin 100 ke da akwatin talabijin a Amurka. Zuwa 1960 adadin ya doshi 90. Manyan tashoshi uku ne ke riƙe da ƙasar, NBC da CBS da ABC, kowace kuma tana da ƙananan tashoshi a garuruwa masu karɓar shirye-shiryenta su watsa. Labarun yamma minti 15 ne kacal, har da talla a ciki, sai a Satumban 1963 CBS da NBC suka mai da nasu minti 30. Ke nan labari ɗaya, in ya yi sa'a, ya samu minti ɗaya ko biyu.

Babu bidiyon hannu a lokacin. Da fim mai faɗin milimita 16 ake ɗauka, wanda ke cin ƙafa 36 a minti. Ƙaramar kyamarar da ake ba wani da hannu, irin ta Bell & Howell, tana ɗaukar naɗin ƙafa 100, abin da bai kai minti 3 ba, kuma ba ta naɗar sauti. Babbar mai sauti, irin ta Auricon, da naɗin ƙafa 400 takan yi kusan minti 11, amma tana da nauyi, ga waya da ta haɗa mai ɗaukar hoto da mai riƙe da na'urar sauti, ba su iya gudu sai tare. Da dare dole a kunna fitila, fitilar kuma ita ke nuna wa 'yan daba inda za su kai sara.

An gama ɗauka, aiki bai ƙare ba. Sai an kai fim ɗin wurin wanki, a yanka, a haɗa, sannan ko a sa shi a jirgi zuwa New York ko a tura ta layin kamfanin tarho daga wata tasha da ke kusa, in masu ita sun yarda. Alabama tana bayan New York da awa ɗaya, don haka abin da ya faru bayan la'asar da wuya ya shiga labarun ranar. Mai shirya zanga-zanga da ya san aikinsa yana lissafi da duk wannan. Yakan sanar da 'yan jarida wuri da lokaci tun da wuri, ya fitar da jama'a da sauran rana, ya kuma taƙaita buƙatarsa ta yadda za a faɗe ta cikin numfashi ɗaya, kamar a ce rajistar zaɓe, ko kujera a gidan abinci.

Nan ne horon ƙin ramuwa ya yi amfani biyu. A wajen Fasto James Lawson, wanda ya horar da ɗalibai a Nashville tun 1959, da Martin Luther King, ƙin rama duka aƙida ce ta addini kafin ta zama dabara. A zaman horon ana kwaikwayon abin da za a tarar: a zage ka, a tofa maka yawu, a hura maka hayaƙin sigari, a finciko ka daga kujera, kai kuma ka koyi naɗe jiki ka kare kanka da cikinka ba tare da ka ɗaga hannu ba. Ana umartar maza su sa kwat da lakataye, mata su yi shigar coci. A kan allo, wannan shi ke sa mai kallo a wata jiha mai nisa ya gane mai zalunci da wanda ake zalunta ba sai an yi masa bayani ba. Dutse ɗaya da wani zai jefa ya isa ya ɓata hoton. Shi ya sa a Birmingham, da 'yan kallo suka fara jifan 'yan sanda da kwalabe, James Bevel ya ari lasifikar 'yan sandan da kansa ya roƙi jama'a su watse.

Albany da Birmingham

Wanda ya fara gano lagon wannan tsari shi ne Laurie Pritchett, shugaban 'yan sandan Albany ta jihar Jojiya, a 1961 da 1962. Ya zauna ya karanta yadda King ke aiki. Ya hana yaransa duka a bainar jama'a. Yana kama mutane ɗaruruwa cikin ruwan sanyi, bisa laifin yin jerin gwano babu izini, kuma tun da wuri ya shirya da gundumomin da ke kewaye don a rarraba fursunoni a gidajen yarinsu, kada nasa ya cika. A watan Yulin 1962 da King ya zaɓi zaman kaso maimakon biyan tara, sai aka shirya aka biya masa tarar a ɓoye, aka sallame shi ba da son ransa ba. An ci zarafin mutane a waɗancan gidajen yari na ƙauye, amma can kyamara ba ta kai. King ya bar Albany wariya tana nan daram, gwamnatin tarayya kuma ba ta ga abin da zai tilasta mata sa baki ba.

Da wannan darasi aka nufi Birmingham a 1963, inda Bull Connor ke riƙe da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, an kuma san shi da zafin kai. Makonnin farko abin bai yi armashi ba, domin manya suna tsoron a kore su daga aiki, masu fitowa kaɗan ne. Wyatt Tee Walker, wanda ya tsara gangamin, ya lura da wani abu: idan aka jinkirta fitowa har ma'aikata suka taso, 'yan kallo baƙaƙen fata kan cika bakin titi, 'yan jarida kuma sai su haɗa su duka su ƙirga a matsayin masu zanga-zanga. Daga nan ya riƙa jan lokaci da gangan.

Abin da ya sauya lissafi shi ne fitowar 'yan makaranta ranar 2 ga Mayu. Suna fitowa daga cocin Baptist na titi na 16 rukuni-rukuni, kamar hamsin-hamsin, ana kama wannan rukuni wani na fitowa. An kama sama da 600 a ranar. Washegari babu wurin zuba mutane, Connor kuwa bai yi irin tanadin Pritchett ba. Sai ya koma ga tarwatsawa. Aka saki karnuka, aka buɗe mesar kashe gobara, har da irin wadda ake haɗa mesa biyu a baki ɗaya a kafa ta a kan ƙafafun ƙarfe, ƙarfin ruwanta na saɓule ɓawon itace. Yara na riƙe da juna a jikin bango, ruwa na mirgina wasu a kan kwalta.

Ranar 4 ga Mayu jaridar New York Times ta buga hoton da Bill Hudson na kamfanin dillancin labarai na AP ya ɗauka, ɗan sanda ya cakumi rigar wani yaro ɗan shekara 15, kare ya kai masa cafka a ciki. Yaron, Walter Gadsden, daga baya ya bayyana cewa shi kallo ya zo, ba ya cikin masu zanga-zangar. Wannan bai rage gaskiyar abin da aka yi masa ba, amma yana nuna cewa hoto kan ɗauki ma'anar da ta fi ƙarfin wanda ke cikinsa.

Hotunan sun tsallaka teku a daidai lokacin da shugabannin Afirka ke taruwa a Addis Ababa don kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Firayim Ministan Uganda, Milton Obote, ya rubuta wa Shugaba John Kennedy buɗaɗɗiyar wasiƙa kan abin da ake yi wa baƙaƙen fata a Alabama. Ga gwamnatin da ke zawarcin sababbin ƙasashe masu 'yanci a tsakiyar yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyet, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Tun a 1957 Shugaba Eisenhower ya faɗi irin haka a jawabinsa na talabijin, daren da ya tura sojoji Little Rock don raka ɗalibai baƙaƙen fata 9 makarantar fararen fata, inda ya koka da yadda rikicin ke zubar da mutuncin ƙasar a idon duniya. Ranar 11 ga Yuni, 1963, Kennedy ya fito a talabijin ya kira batun da matsalar ɗa'a da lamiri, ya yi alkawarin dokar hana wariya. Ita ce Johnson ya sa wa hannu ranar 2 ga Yuli, 1964.

Kada a ɗauka hotunan sun sa fararen fata sun ƙaunaci masu zanga-zangar. A 1961, lokacin da matasa baƙi da fari suka riƙa hawa bas tare suna ratsa Kudu don gwada hukuncin kotu da ya haramta wariya ga matafiya tsakanin jihohi, binciken jin ra'ayi na Gallup ya nuna kashi 61 cikin 100 na Amurkawa ba sa goyon bayan abin da suke yi. Aikin da talabijin ya yi shi ne hana Washington yin kunnen uwar shegu. Ya mai da abin da a da ake kira harkar cikin gidan jiha ya zama abin kunyar ƙasa, mai tsada ga shugaba, ga 'yan majalisa, da 'yan kasuwar Birmingham waɗanda suka zauna teburin sulhu ranar 10 ga Mayu.

Hanyoyin rufe wa kyamara ido

Hanya mafi sauƙi ita ce a fasa ta. Ranar 14 ga Mayu, 1961, a tashar bas ta Birmingham, 'yan sanda sun bar wa 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ta'addancin wariya, fili na minti 15 su yi wa matasan nan masu hawa bas tare abin da suka ga dama. Sun lakaɗa wa mai ɗaukar hoto Tommy Langston duka, suka farfasa kyamararsa, amma fim ɗin da ke ciki ya tsira, washegari hoton ya fito. Bayan kwana 6 a Montgomery, ma'aikatan NBC da na mujallar Life aka fara far wa kafin a juya kan matafiyan. A tarzomar da aka yi kan shigar ɗalibi baƙar fata Jami'ar Misisipi ranar 30 ga Satumba, 1962, an harbe Paul Guihard, wakilin kamfanin dillancin labarai na Faransa. Gwamnatin wariya ta Afirka ta Kudu ta bi wata hanyar, ta hana kafa talabijin a ƙasar gaba ɗaya har 1976.

Hanya ta biyu ta fi wayo, ta bi ta kotu. Ranar 29 ga Maris, 1960, New York Times ta buga wata sanarwar neman gudunmawa don kare King. Akwai 'yan kurakurai a ciki, misali an ce sau 7 aka kama shi alhali sau 4 ne. L. B. Sullivan, kwamishinan da ke kula da 'yan sandan Montgomery, wanda ko sunansa ba a ambata ba, ya kai ƙarar ɓata suna. Kwafi 394 na jaridar ranar ne suka shiga Alabama, kimanin 35 a gundumar Montgomery, amma masu taya alƙali yanke hukunci, dukansu fararen fata, suka ba shi diyyar dala 500,000. An haɗa da fastoci huɗu baƙaƙen fata a ƙarar, aka ƙwace musu motoci da filaye. Wasu jami'ai suka bi sahu, har CBS ma aka maka. Times ta daɗe tana hana wakilanta taka ƙasar Alabama don kada a miƙa musu sammaci. Da wannan dabara ta ɗore, lauyoyin kamfanoni ne za su janye 'yan jarida daga Kudu ba tare da an daki kowa ba. Ranar 9 ga Maris, 1964, Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin da murya ɗaya, ta ce jami'in gwamnati ba zai ci diyya ba sai ya tabbatar an buga ƙarya da sani, ko da halin ko-in-kula da gaskiya. Ba don wannan hukunci ba, da wuya a ce kyamarori nawa za a samu a bakin gadar Selma bayan shekara ɗaya.

Ta uku ita ce tashar gari. Babbar tasha a New York tana aiko shiri, amma makunnin yana hannun manajan ƙaramar tashar. WLBT ta birnin Jackson a Misisipi, mai karɓar shirye-shiryen NBC, ita ce ta yi ƙaurin suna. A 1955 ana cikin hira da Thurgood Marshall, lauyan NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, sai ta katse, ta sa allon ban haƙuri cewa waya ta samu matsala. Manajanta, Fred Beard, ɗan ƙungiyar fararen fata masu kare wariya ne. Kusan rabin mutanen yankin da tashar ke kaiwa baƙaƙen fata ne, amma sai bayan shekaru ana kai ƙorafi ga hukumar sadarwa ta tarayya, FCC, aka ba Medgar Evers na NAACP minti 17 ranar 20 ga Mayu, 1963, ya mai da wa magajin gari martani. Bayan kwana 23 aka harbe shi a ƙofar gidansa.

Har wanda ake ganin aboki ne ya taɓa gwada irin wannan. Ranar 22 ga Agusta, 1964, Fannie Lou Hamer, wadda ta yi rayuwarta a gonar auduga, tana ba da shaida kai tsaye a babban taron jam'iyyar Democrat a Atlantic City. Tana bayyana yadda aka kore ta daga gonar don ta je rajistar zaɓe, da dukan da aka yi mata a kurkukun Winona. Johnson, da ke tsoron rasa ƙuri'un Kudu, ya kira taron manema labarai na gaggawa, tashoshi suka juya gare shi. Dabarar ba ta ci ba, don da dare suka sako jawabin nata, a lokacin da masu kallo suka fi yawa.

Jinin wa ke zama labari

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi ciwo. Ɗaliban SNCC, ƙungiyar matasa masu gwagwarmayar lumana, sun shafe shekara uku suna aikin rajistar zaɓe a ƙauyukan Misisipi, gida-gida. An kashe Herbert Lee a 1961, aka kashe Louis Allen, wanda ya ga kisan, a farkon 1964, manyan kafofi ba su ɗaga kai ba. Da aka shirya gangamin bazarar 1964, aka gayyato ɗaruruwan ɗalibai fararen fata daga jami'o'in Arewa, masu shirin sun san sarai cewa kyamara za ta biyo 'ya'yan masu faɗa-a-ji. Haka kuwa aka yi. Ranar 21 ga Yuni James Chaney, baƙar fata, da Andrew Goodman da Michael Schwerner, fararen fata, suka ɓace. Aka baza FBI da sojojin ruwa, tashoshi suka tare a jihar har aka tono gawarwakinsu ranar 4 ga Agusta. Cikin neman ne aka tsinci gawar Henry Dee da ta Charles Moore, samari baƙaƙen fata 'yan shekara 19 da aka kashe tun watan Mayu. Da aka tabbatar ba waɗanda ake nema ba ne, sai hankalin 'yan jarida ya koma inda yake.

A Selma ma haka. Kwana biyu bayan gadar aka doke James Reeb, fasto farar fata daga Boston, ya rasu ranar 11 ga Maris. Shugaban ƙasa ya buga wa matarsa waya, ya ambace shi a jawabinsa ga majalisa. Jimmie Lee Jackson, wanda saboda mutuwarsa aka shirya tattakin tun farko, bai samu ko ɗaya ba. Masu gwagwarmayar sun ci moriyar wannan son kai na kafofin labarai, ya kuma bar musu ɗaci da ya taimaka wajen raba kan tafiyar daga baya.

Akwai kuma abin da labarin talabijin ke yawan binnewa, wato mutanen da suka fito titi ba talabijin ne ya fito da su ba. Hoton gawar Emmett Till, yaro ɗan shekara 14 da aka kashe a Misisipi a Agustan 1955, wanda mahaifiyarsa ta dage a bar akwatinsa a buɗe, mujallar Jet ce da jaridun baƙaƙen fata suka buga shi, manyan jaridun fararen fata ba su buga ba. Da yawa cikin matasan da suka kafa SNCC sa'o'insa ne, da wannan hoton suka tashi. Ƙaurace wa bas na kwana 381 a Montgomery ya faro ne da takardun da Jo Ann Robinson ta kwana tana gurzawa, da sanarwar coci ranar Lahadi. Jaridar Montgomery Advertiser ta fararen fata ta buga abin da takardar ta ƙunsa a shafin farko, ta haka saƙon ya isa gidajen da takardar ba ta kai ba. A Birmingham masu gabatar da kiɗa a rediyon baƙaƙen fata, irin su Shelley Stewart da Paul White na WENN, su suka riƙa sanar da 'yan makaranta da zaurance cewa akwai shagali a dandali, kowa ya zo da buroshin haƙori, ma'ana a shirya kwanan kurkuku. SNCC kuwa ta kafa nata sashen labarai ƙarƙashin Julian Bond, da nata masu ɗaukar hoto, ta kuma yi hayar layin tarho na dogon zango da ake biya wata-wata. Amfaninsa shi ne kiran ba ya bi ta hannun ma'aikatan tarhon gari masu tsegunta wa 'yan sanda. Duk wanda aka kama ko ya ɓace, ana rubuta suna da wuri da lokaci, nan take a sanar da lauya da 'yan jarida da ma'aikatar shari'a, don mai gadin kurkuku ya san akwai masu tambaya.

Inda hoton ya juya

Kwana 5 bayan sa hannu kan dokar zaɓe, unguwar Watts ta Los Angeles ta kama da wuta. Mutum 34 suka mutu. Tashar KTLA tana da jirgi mai saukar ungulu, ta riƙa nuna gobara da wawashe shaguna kai tsaye daga sama. Daga can sama ana ganin hayaƙi da masu gudu da kaya, ba a ganin rashin aikin yi ko shekarun da aka yi ana shan wulaƙancin 'yan sanda. Jaridar Los Angeles Times ba ta da wakili baƙar fata ko ɗaya, sai wani matashi daga sashen talla ne ya shiga unguwar yana bugo mata waya.

A 1966 King ya koma Shikago kan batun gidaje, ya tarar da irin zaluncin da kyamara ba ta iya kamawa. Babu Connor, babu Clark. Akwai dillalin da zai ce gidan an riga an kama, da bankin da ya ja wa unguwa jan layi ba ya ba da bashi a cikinta, da yarjejeniyar sayen gida da in mutum ya saɓa biya sau ɗaya ya rasa gidan da duk abin da ya zuba. Ba abin da za a ɗauka a naɗin ƙafa 100. Da aka yi tattaki cikin unguwannin fararen fata don a fito da ƙiyayyar fili, ta fito, har aka jefi King da dutse a ka a Marquette Park ranar 5 ga Agusta. Sai dai wannan karon masu jifan sun yi kama da masu kallon, unguwar kuma ta yi kama da tasu. Mutumin Arewa da ya zubar da hawaye kan Selma bai ji daɗin ganin kansa a allo ba. A shekarar Gallup ta samu kashi 63 cikin 100 ba sa ganin King da mutunci, ƙudurin dokar gidaje ya mutu a majalisar dattawa, tashoshi kuma suka karkata ga taken ƙarfin baƙar fata da Stokely Carmichael ya ɗaga, wanda ya fi saurin jan kunne. Dokar gidajen ba ta samu shiga ba sai 11 ga Afrilu, 1968, mako ɗaya bayan kashe King.

Kwamitin Kerner da Johnson ya kafa bayan tarzomar Newark da Detroit ya faɗi dalilin a rahotonsa na 1968: kafofin labarai suna kallon ƙasar ne da idon farar fata. Baƙaƙen fata ba su kai kashi 5 cikin 100 na ma'aikatan labarai ba, a cikin editoci da shugabanni kuwa ba su kai kashi 1 ba.

Wasu sun riga sun gane cewa sai an kai faɗan bayan kyamara, wurin masu riƙe da makunni. A watan Maris na 1964, Fasto Everett Parker na cocin United Church of Christ ya sa aka zauna mako guda ana kallon WLBT ana rubuta duk abin da ta watsa. Da wannan shaida, shi da Aaron Henry na NAACP da Fasto R. L. T. Smith suka nemi FCC ta ƙi sabunta lasisin tashar. Hukumar ta ce masu kallo ba su da hurumin shigar da irin wannan ƙara, sai mai tashar da abin ya taɓa aljihunsa ko ya shiga masa zango. A 1966 kotun ɗaukaka ƙara, ta bakin alƙali Warren Burger, ta ce suna da shi. FCC ta saurari ƙarar, ta sake sabunta lasisin. A 1969 kotun ta soke shi da kanta. A 1971 aka miƙa tashar ga wata ƙungiyar riƙon ƙwarya ta baƙi da fari, a 1972 William Dilday ya zama manajanta, baƙar fata na farko da ya riƙe irin wannan tasha a Amurka. A 1980 lasisin ya koma hannun kamfanin da Aaron Henry ke shugabanta, shekara 17 bayan minti 17 ɗin da aka ba Medgar Evers.